Ƙungiyoyin Ƙwadago Da Mara Wa 'Yan Takara Baya: Abin Da Ya Kamata Ɗan Kasuwa Ya Sani

JALINGO — A unguwar Mayo Gwoi ta garin Jalingo, hedkwatar Jihar Taraba, kamar yadda yake a yawancin unguwannin garin, ciniki yana bin kwanan wata ne. Idan albashin ma'aikatan gwamnati ya shigo, mai shagon kayan masarufi ya karɓi bashin da ya bayar, tela ya sallami ɗinkin da ya daɗe a rataye, mai gidan haya kuma ya ga kuɗinsa. Idan kuwa albashi ya yi jinkiri, sai littafin bashi ya cika, kasuwa ta yi sanyi. Wannan ne ya sa duk wata magana da ta haɗa ma'aikata da masu neman mulki take shafar 'yan kasuwa kai tsaye, musamman ma sanarwar da ƙungiyoyin ƙwadago kan yi gab da zaɓe cewa sun mara wa wani ɗan takara baya.

Tambayar da ta dace ɗan kasuwa ya yi ita ce, wane irin nauyi wannan sanarwa take da shi? Tarihin Nijeriya ya nuna cewa ba kasafai irin wannan goyon baya yake yanke hukuncin wanda zai ci zaɓe ba. Amfaninsa ga mai dukiya shi ne yana bayyana tun da wuri irin buƙatun da ma'aikata za su gabatar wa gwamnati mai zuwa, da kuma wuraren da ake iya samun takun-saƙa da yajin aiki bayan an rantsar da ita.

Kujeru bakwai, ƙuri'a ɗaya-ɗaya

Mayo Gwoi mazaɓar kansila ce a cikin Ƙaramar Hukumar Jalingo, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 16 na jihar da aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Gongola a ranar 27 ga Agusta, 1991. Mai ƙuri'a a wannan mazaɓa yana zaɓen mutum bakwai. A matakin tarayya akwai shugaban ƙasa, da sanatan Taraba ta Arewa, da ɗan majalisar wakilai na mazaɓar Jalingo, Yorro da Zing. A matakin jiha akwai gwamna da ɗan majalisar dokoki. A matakin ƙasa kuma akwai shugaban ƙaramar hukuma da kansila.

Kowane mataki yana riƙe da wani ɓangare na aljihun ma'aikaci. Gwamnatin tarayya da majalisar ƙasa su ne suke tsayar da mafi ƙanƙantar albashi, kuma manufofinsu ne suke motsa farashin man fetur da darajar Naira. Gwamna shi ne yake biyan ma'aikatan jiha da 'yan fansho, shi ne kuma yake yanke shawarar lokacin da zai fara aiki da sabon albashi. Daga kason ƙananan hukumomi kuwa ake biyan malaman firamare da ma'aikatan ƙananan asibitoci. Saboda haka ƙungiyar ƙwadago tana da dalilin sa ido a kan dukkan kujerun nan bakwai, ko da yake ƙarfinta a kansu ba ɗaya ba ne.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 40 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin shiga jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar ƙwadago domin kare muradunsa. Sai dai sashe na 221 ya zo da wani shinge, inda ya ce babu wata ƙungiya, in ba jam'iyyar siyasa ba, da aka yarda ta nemar wa ɗan takara ƙuri'a, ko ta ba da gudunmawar kuɗi ga jam'iyya ko ga hidimar zaɓen ɗan takara. Bugu da ƙari, Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago ta hana a yi amfani da kuɗin da mambobi suke biya na wajibi wajen hidimar siyasa, sai fa idan ƙa'idojin ƙungiyar sun tanadi hakan.

Wannan shinge ya bambanta Nijeriya da wasu ƙasashe. A Ingila, ƙungiyoyin ƙwadago ne suka haifi jam'iyyar Leba a shekarar 1900, kuma tun daga dokar 1913 aka yarda ƙungiya ta buɗe asusu na musamman domin siyasa, wanda mamba yake da damar ƙin sa kuɗinsa a ciki. A Amurka, babbar ƙungiyar AFL-CIO takan fitar da sunayen waɗanda take goyon baya tun daga shugaban ƙasa har zuwa ƙananan kujeru, rassanta na jihohi kuma su bi gida-gida suna nema musu ƙuri'a. A Nijeriya kuwa, hanyar da ta rage wa ma'aikata ita ce ko dai su tsaya ga furta ra'ayi, ko kuma su kafa jam'iyya tasu ta kansu.

Ya kamata masu kamfanoni su lura cewa irin wannan hani ya hau kansu su ma. Dokar Kamfanoni ta 1990, da wadda ta maye gurbinta a 2020, duk sun haramta wa kamfani ba da kyautar kuɗi ko kadara ga jam'iyyar siyasa. Shi kuma ma'aikacin gwamnati da yake son tsayawa takara, Tsarin Mulki ya wajabta masa ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe.

Daga Imoudu zuwa Bafyau

Alaƙar ƙwadago da siyasa ta girmi 'yancin kan Nijeriya. Michael Imoudu, shugaban ma'aikatan jirgin ƙasa da ya jagoranci babban yajin aikin 1945, ya yi tafiya tare da jam'iyyar NCNC, daga baya kuma a Jamhuriya ta Biyu ya zama jigo a jam'iyyar PRP ta Malam Aminu Kano. Ita kuwa Ƙungiyar Ƙwadago ta Nijeriya, wato NLC, an kafa ta a siffarta ta zamani a 1978, lokacin da gwamnatin soja ta tattara ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi ta mayar da su 42, aka kuma zaɓi Hassan Sunmonu shugabanta na farko. Babbar nasararta ta farko ba a rumfar zaɓe ta same ta ba. Yajin aikin gama-gari na watan Mayu 1981 ne ya kai ga gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta amince da Naira 125 a matsayin mafi ƙanƙantar albashi.

Yunƙurin NLC na farko na mallakar jam'iyya ya zo ne a 1989, a ƙarƙashin shugabancin Paschal Bafyau, ɗan tsohuwar Jihar Gongola. Ƙungiyar ta ɗauki nauyin wata jam'iyyar ma'aikata wadda ta shiga cikin ƙungiyoyin siyasa 13 da suka nemi rajista. A watan Oktoba na wannan shekara Janar Ibrahim Babangida ya rushe su baki ɗaya, ya kafa SDP da NRC, sai shugabannin ƙwadago suka karkata ga SDP. A wannan jam'iyya ce Rabaran Jolly Nyame ya zama gwamnan farar hula na farko a Taraba a watan Janairu 1992. A 1993 an yi ta ambaton sunan Bafyau a cikin waɗanda za su iya zama mataimakin Cif Moshood Abiola, amma a ƙarshe Abiola ya ɗauki Ambasada Babagana Kingibe.

Abin da ya biyo baya darasi ne da 'yan kasuwar wancan zamani ba su manta ba. Bayan soke zaɓen 12 ga Yuni, 1993, da tsare Abiola a shekarar da ta biyo, ƙungiyoyin ma'aikatan man fetur, NUPENG da PENGASSAN, sun shiga yajin aiki a watan Yuli 1994. Mai ya yi wuya a duk faɗin ƙasa, sufuri ya tsaya, kaya suka yi tsada. A watan Agusta gwamnatin Janar Sani Abacha ta rushe shugabancin ƙungiyoyin biyu tare da na NLC, ta naɗa musu kantomomi, aka kuma tsare Frank Kokori, sakataren NUPENG, har zuwa 1998. A nan aka ga cewa ƙarfin ƙwadago na gaskiya yana ga ikon tsayar da aiki, kuma ɗan kasuwa yana cikin waɗanda suke fara biyan kuɗin wannan iko.

Jam'iyyar da ma'aikata suka kafa

Bayan dawowar mulkin farar hula, NLC a ƙarƙashin Adams Oshiomhole, wanda ya taso daga ƙungiyar ma'aikatan masaƙu a Kaduna, ta kafa jam'iyyar PSD a 2002, wadda daga baya ta koma jam'iyyar Leba, wato LP. Abin lura shi ne, da Oshiomhole ya tashi neman kujerar gwamnan Edo a 2007, a jam'iyyar AC ya tsaya, kuma a ƙarƙashinta ya hau mulki a watan Nuwamba 2008 bayan hukuncin kotun ɗaukaka ƙara. Gwamnan farko da LP ta samu, Dakta Olusegun Mimiko na Ondo, wanda ya hau a 2009, likita ne kuma gogaggen ɗan siyasa da ya shigo daga PDP, ya kuma koma can a 2014.

A tsakiyar wannan lokaci ne aka yi wa Dokar Ƙungiyoyin Ƙwadago gyara a 2005. Gyaran ya mayar da shiga ƙungiya ganin dama, ya kuma kawo ƙarshen zaman NLC ita kaɗai a matsayin uwar ƙungiyoyi, inda aka yi wa TUC ta manyan ma'aikata rajista. Tun daga nan, muryar ƙwadago a siyasa ta zama biyu, wani lokaci su yi magana ɗaya, wani lokaci kowa ya kama gabansa.

Gwajin 2023

Gwaji mafi girma ya zo ne a 2022, lokacin da NLC a ƙarƙashin Ayuba Wabba, tare da TUC, suka bayyana goyon bayansu ga Peter Obi, ɗan takarar shugaban ƙasa na LP, suka kuma gabatar da wani kundin buƙatun ma'aikata. A zaɓen 25 ga Fabrairu, 2023, Bola Tinubu na APC ya yi nasara da ƙuri'u fiye da miliyan 8.7, Atiku Abubakar na PDP ya samu kusan miliyan 7, shi kuma Obi ya samu miliyan 6.1. Wata jam'iyyar ma'aikata ba ta taɓa kusantar wannan adadi ba a tarihin ƙasar.

A Taraba, Atiku ne ya zo na ɗaya, Obi ya zo na biyu, Tinubu na uku. Mai kallo daga nesa yana iya cewa ga ƙarfin ƙwadago nan ya bayyana. Amma makonni uku bayan haka, a zaɓen gwamna na 18 ga Maris, Agbu Kefas na PDP ya lashe kujerar, ɗan takarar NNPP ya zo na biyu, na APC ya zo na uku, LP kuwa ba ta shiga sahun ukun farko ba. A duk faɗin ƙasa ma gwamna ɗaya tak jam'iyyar ta samu, wato Alex Otti na Abiya. Da a ce umurnin ƙungiya ne ya kai waɗancan ƙuri'u akwatin Obi, da an gan su kuma a akwatin ɗan takarar gwamna na jam'iyyar. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne farin jinin mutumin kansa, da ɗokin matasa, da lissafin yanki da na addini, su ne suka ɗauki kaso mafi tsoka.

Akwai dalilai uku da suke rage wa irin wannan sanarwa nauyi. Na farko, masu albashi da suke cikin ƙungiyoyi 'yan kaɗan ne idan aka kwatanta da manoma da makiyaya da masu sana'ar hannu da ƙananan 'yan kasuwa, waɗanda su ne mafi yawan masu ƙuri'a a jiha irin Taraba. Na biyu, ƙuri'a a asirce ake kaɗa ta, kuma malamin makaranta ko ma'aikacin jinya yana da dangi da unguwa da wurin ibada da suke jan ra'ayinsa kamar yadda ƙungiya take ja. Na uku, ƙungiya ba ta da wakilai a kowace rumfar zaɓe irin yadda manyan jam'iyyu suke da su.

Har ila yau, goyon baya ba ya nufin an daidaita a kan manufa. NLC ta daɗe tana adawa da cire tallafin man fetur, alhali manyan 'yan takara ukun nan, har da wanda ta mara wa baya, duk sun yi alkawarin cire shi. Ita ma dangantakar ƙungiyar da jam'iyyar da ta haifa ba ta zauna lafiya ba, domin a watan Maris 2024 'ya'yan NLC sun yi wa hedkwatar LP da ke Abuja ƙawanya suna neman shugabanta Julius Abure ya sauka.

Inda abin ya fi taɓa kasuwa

Shugaba Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai a ranar da aka rantsar da shi, 29 ga Mayu, 2023, kuma cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa wajen Naira 500. Ga gari irin Jalingo, wanda yawancin kayan shagunansa a mota suke zuwa daga nesa, wannan ƙari ya shiga farashin kusan komai. Abin da ƙwadago ta kasa samu a rumfar zaɓe sai ta koma nemansa a teburin sulhu. A ranar 3 ga Yuni, 2024, NLC a ƙarƙashin Joe Ajaero da TUC a ƙarƙashin Festus Osifo suka shiga yajin aikin da ya kai ga kashe babban layin wutar lantarki na ƙasa. A watan Yuli aka daidaita a kan Naira 70,000, a madadin Naira 30,000 na 2019, wanda shi ma ya maye gurbin Naira 18,000 na 2011. An kuma rage wa'adin sake duba albashin daga shekara biyar zuwa uku. Dokar 2019 ta ɗauke wa duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba nauyin biyan wannan adadi, don haka yawancin masu shaguna ba su shiga ciki ba, amma masu makarantu da otal-otal da asibitoci masu yawan ma'aikata ya hau kansu.

Sanya hannu a Abuja abu ɗaya ne, biya a jiha kuma wani abu ne dabam. Taraba tana cikin jihohin da mafi yawan kuɗin shigarsu daga asusun tarayya yake fitowa, saboda haka duk ƙarin albashi yana gogayya ne da kuɗin hanyoyi da na 'yan kwangila. Idan ba a manta ba, a 2015 sai da gwamnatin tarayya ta ba jihohi da dama rancen ceto domin su biya bashin albashi da ya taru. A wannan mataki ne matsayin reshen ƙungiya na jiha yake da ma'ana ƙwarai. A jihohi da yawa an saba ganin shugabannin rassa suna amfani da bikin ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu wajen yaba wa gwamna mai ci ko nuna goyon bayan ya zarce. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma karin maganar tana aiki ta fuska biyu. Gwamnan da aka mara wa baya ya ɗauki bashin alkawari, reshen da ya mara masa baya kuma yakan ji nauyin kiran yajin aiki a kansa idan biya ya tsaya.

A matakin ƙaramar hukuma kuwa, goyon bayan ƙungiya ya fi rauni. Hukumar zaɓe ta jiha ce take gudanar da wannan zaɓe, gwamna ne yake naɗa mambobinta, kuma a yawancin jihohi jam'iyyar gwamna ce take kwashe kusan dukkan kujeru. Wannan ya sa ƙungiyar ma'aikatan ƙananan hukumomi, NULGE, ta fi mayar da hankali ga neman 'yancin ƙananan hukumomi da soke asusun haɗin gwiwa da jihohi, maimakon tsayar da ciyaman ko kansila. Ƙungiyar malamai ta NUT kuwa ta daɗe tana nuna fargabar a mayar da albashin malaman firamare hannun shugabannin ƙananan hukumomi, saboda wahalar da malamai suka sha a baya. Ga ƙungiyoyi biyu a inuwa ɗaya, amma buƙatunsu sun sha bamban. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Ga mai shago a Mayo Gwoi, wannan mataki ne ya fi kusa da shi, domin a nan ake yanke kuɗin rumfa da lasisin shago da harajin tasha.

Akwai kuma wata ƙungiya da matsayinta yake buƙatar kulawa ta musamman, wato ta direbobi, NURTW. Tun daga 2015 hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, take ƙulla yarjejeniya da ita domin jigilar ma'aikata da kayan zaɓe. Duk lokacin da wani reshe nata ya fito fili ya goyi bayan ɗan takara, sauran jam'iyyu sukan yi ƙorafi, tun da motocin 'ya'yanta ne za su ɗauki akwatuna.

Abin da za a duba

Idan aka ji wata ƙungiya ta mara wa ɗan takara baya, abu na farko da ya dace a bincika shi ne wane ne ya yi maganar. Shawarar da majalisar zartaswa ta ƙasa ko taron wakilai suka yanke ta fi ƙarfin furucin shugaba ɗaya a bakin taro. Na biyu, a nemi takardar buƙatun da aka gabatar, domin a cikinta za a ga batun albashi da fansho da farashin mai da kuɗin wuta, waɗanda su ne za su zama abin jayayya ko da wa ya ci zaɓe. Na uku, a dubi ko ɗan takarar ya amince da buƙatun a rubuce, da kuma ko kuɗin shigar gwamnatin da yake nema za su iya ɗaukar su.

Ga ɗan kasuwar da yawancin masu sayen kayansa ma'aikata ne, shekarar zaɓe da wadda take bi mata lokaci ne na taka-tsantsan wajen ba da bashi da ajiye kayan da ba sa jure daɗewa. Gwamnati mai neman ƙuri'a takan yi ƙoƙarin biyan albashi a kan kari kafin zaɓe, sabuwar gwamnati kuma takan fara da tantance ma'aikata, abin da kan jawo jinkirin biya. Tun da dokar 2024 ta tanadi a sake duba mafi ƙanƙantar albashi bayan shekara uku, wa'adin zai cika ne a 2027, shekarar da wa'adin gwamnatocin da aka rantsar a 2023 shi ma yake ƙarewa. Haɗuwar waɗannan biyu tana nufin batun albashi zai kasance a tsakiyar duk wani ciniki tsakanin ƙwadago da 'yan takara, kuma mai shago a Mayo Gwoi zai ga sakamakonsa a littafin bashinsa.